Mario, Contra ko Subway Surfers: wanne ya cancanci shiga gasar wasan tsalle?

Wani ƙanena da ke da ɗakin wasan bidiyo a Sabon Gari, nan Damagaram, ya zo fadarmu bayan sallar isha'i, ya ce yana so ya shirya wa yaran unguwa gasa a hutun lakwal mai zuwa, amma ba ta ƙwallo ba. Tun safe har dare talabijin ɗin da ke ɗakinsa babu abin da suke nunawa sai Real da Barsa. Manyan samari sun riƙe manet, wato abin da ake sarrafa wasan da shi, ƙananan yara kuwa sai tsayuwa a baya suna leƙe ta kafaɗun yayyensu. Shi ya sa ya yanke shawarar ware musu gasar irin wasannin da Faransawa ke kira jeu de plates-formes, masu Turancin Ingila su ce platformer, mu kuma a nan muke cewa wasan tsalle, ko kawai “irin na Mario”.

Kafin a sauke shayin farko gardama ta kaure. Wani ya ce a sa Subway Surfers, tunda kowane yaro ya iya shi a wayar uwarsa. Wani dattijon fada da ya yi zamanin kaset ya ce in babu Contra to ba a yi gasa ba. Ƙanen nawa ya juyo ya ce, “Yaya, kai ka raba mu. Mene ne ma wasan tsallen?” A daren ban ba shi amsar da ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin shi da duk mai ɗakin wasa ko uban da ke son zaɓa wa ɗansa.

Ma'auni uku ne mutane suka fi kawowa, kuma kowanne akwai wasan da yake shigarwa da wanda yake korewa.

Na farko shi ne mafi sauƙi: duk wasan da ake tsalle a cikinsa wasan tsalle ne. Masu wannan ra'ayi suna da hujja daga tarihi. A 1981 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Donkey Kong, aikin Shigeru Miyamoto, inda wani ɗan taliki yake hawa ƙarafan gini yana tsallake gangunan da goggon biri ke gangaro masa. Sunan ɗan talikin a lokacin Jumpman, wato mai tsalle, kafin daga baya ya zama Mario. Jamusawa ma sunan da suke kiran wannan nau'i da shi yana nufin tsalle da gudu ne. To amma ma'aunin yana da faɗi har ya yi yawa. A wasan faɗa na Mortal Kombat ana tsalle, a wasan ƙwallo ana tsalle a sa kai, kuma babu wanda zai kawo su wannan gasa. A ɗaya gefen kuma yana da ƙunci. Space Panic, wanda kamfanin Universal ya fitar a 1980, shekara ɗaya kafin Donkey Kong, yana da benaye da tsani, kuma mutane da yawa suna ɗaukarsa kakan wannan zuri'a, alhali babu tsalle a cikinsa sam: rami kake haƙa wa dodo ya faɗa. Lode Runner na 1983 ma haka yake. Bionic Commando na kamfanin Capcom ya cire tsalle ya ba sojansa hannun ƙarfe mai miƙewa, da shi yake kama rufi ya yi lilo ya ƙetare rami. A VVVVVV na Terry Cavanagh, wanda ya fito a 2010, in ka danna maɓalli sama ce take komawa ƙasa, sai ka faɗa kan rufi ka ci gaba da tafiya a kife. Duk wanda ya taɓa riƙe manet a waɗannan wasanni ya san zuciyarsa tana bugawa ne irin bugun da take yi a Mario. Saboda haka tsalle shi kaɗai bai isa shaida ba.

Ma'auni na biyu ya dogara ga abin da ido yake gani: dakali-dakali a sararin sama, ana kallon ɗan wasa daga gefe, yana tafiya daga hagu zuwa dama. Wannan ba zan daɗe a kansa ba, domin shekarar 1996 ta rushe shi. A shekarar Super Mario 64 ya fito, inda kake shiga fili ka zagaya ta kowace fuska, haka kuma Crash Bandicoot a PlayStation, inda galibi bayan ɗan wasan kake kallo. Babu mai musun cewa duka biyun ƴaƴan gidan ne.

Na uku shi ne wanda na tsaya a kai, kuma a ƙofar gidanmu na gane shi, ba a gaban talabijin ba. Ku dubi langa da ƴar gala-gala. Duka biyun da ƙafa ɗaya ake yinsu, duka biyun tsalle ne daga farko har ƙarshe. Amma mai langa hankalinsa yana kan abokin karawa, kafaɗar da za ta ture shi ita ce damuwarsa, ƙasa kuwa duk inda ƙafarsa ta sauka daidai ne. Mai ƴar gala-gala ba ta da abokin gaba sai zanen da ke ƙasa. In ƙafarta ta taka layi ta faɗi, ko da babu wanda ya taɓa ta. Wasan tsalle na gaskiya ƴar gala-gala ne. Tambayar da za ka yi wa kowane wasa ita ce: in na mutu a cikinsa, me ya fi kashe ni? In amsar ita ce na kasa auna nisa, na tashi da wuri ko na makara, na sauka inda bai kamata ba, to ya shiga. In amsar ita ce harsashi ko takobin wani, to langa ne, ko da akwai dakali dubu a cikinsa. Kuma akwai sharaɗi na biyu da ke manne da wannan: dole ya zama kai ne ke da ikon jikin ɗan wasan, kai za ka zaɓi inda za ka tsaya, lokacin da za ka ja da baya, da tsawon tsallen da za ka yi. Yaran Birni da ke wasa a kan manyan duwatsun unguwarsu sun san wannan a jikinsu. Kafin yaro ya ƙetara daga wani dutse zuwa wani sai ya tsaya, ya duba, ya ɗan koma baya ya ɗauko gudu. Wannan tsayuwar da dubawar su ne ran wasan.

Da wannan ma'auni sai mu ɗauki wasannin ɗaya bayan ɗaya, tare da abin da ya shafi ɗakin ƙanena: yara ƴan shekara bakwai zuwa goma sha biyar, layi mai tsawo, wuta mai iya ɗaukewa a tsakiyar wasa, da yaran da yawancinsu ba za su karanta dogon bayani da Faransanci ko Turanci a fuskar talabijin ba.

Super Mario Bros. na 1985 shi ne awon da ake gwada saura da shi, kuma ba don tsufansa ba. Abin da ya sa ya yi fice yana cikin yatsa ne. In ka ɗan taɓa maɓallin tsalle Mario zai yi ƙaramin tsalle, in ka riƙe zai tashi sama sosai. In ka haɗa da maɓallin gudu nisan zai ƙaru, kuma in ka saki ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan zame kamar mai gudu a kan siminti. Kana sama ma za ka iya karkata shi gaba ko baya kaɗan. Har abokan gaban da ke ciki, kunkuru da sauransu, yawanci da tsalle ake kashe su, ka dira a kansu daidai, wato faɗan ma awon sauka ne. Matakin farko malami ne da ba ya magana: abokin gaba ɗaya yana tahowa a hankali don ka koyi tsalle, laimar kwaɗi tana fitowa daga akwati ta bugi bututu ta dawo kanka don ka gane alheri ce, sannan a nuna maka rami. Wasan yana da duniya 8, kowace da mataki 4, jimilla 32, ana farawa da rai 3, kuma kowane kwabo 100 da ka tara yana ƙara maka rai ɗaya. Ga gasa yana da daɗi, domin kowane mataki minti ɗaya ne zuwa biyu, ga agogo a saman allo yana ƙirgawa. In wuta ta ɗauke, abin da aka yi asara kaɗan ne. Kuma ƙananan na'urorin nan masu arha da ake jonawa da talabijin, masu kaset ɗin da ke iƙirarin ɗaruruwan wasanni, da wuya ka samu wadda babu shi a ciki. Abu ɗaya ne mai shirya gasa zai kiyaye: a mataki na biyu na duniyar farko akwai ɓoyayyar hanya ta saman rufi da ke kai mutum ga bututun da ke tsallaka shi zuwa duniya ta 2, ta 3 ko ta 4. Ƙwararrun duniya da irin waɗannan hanyoyi suke gama wasan duka a ƙasa da minti 5. Dole a faɗa tun farko ko an yarda da ita ko an hana, in ba haka ba rigima za ta tashi ranar gasa.

Sonic the Hedgehog, bushiyar kamfanin Sega ta 1991, ɗan gida ne babu shakka, sai dai halinsa daban. Yana saka wa mai gudu, hanyoyinsa suna rabuwa sama da ƙasa, kuma muddin kana riƙe da zobe ko ɗaya ne bugun abokin gaba ba zai kashe ka ba, zobban ne za su watse ka bi ka tsince. Wannan rangwame ne ga ƙaramin yaro. Amma ga gasa ina ganin Mario ya fi shi adalci. A yankin farko na Sonic yaro yana iya danne dama ya yi ta gudu ya isa ƙarshe da sa'a, sai a yankuna na gaba, musamman na cikin ruwa inda numfashi ke ƙarewa, wasan ya koma na haƙuri da awo. Wanda ya ci a farko ba lallai ne ya fi iyawa ba.

Sai Contra, wanda dattijon fadarmu ya dage a kansa, kuma na fahimce shi, domin ni ma da shi na tashi. Kamfanin Konami ne ya fitar da shi a 1987. Mutum biyu suna wasa tare, harsashi ɗaya yana kashewa, kuma wanda ya san sirrin danne-dannen nan a farkon wasa yana samun rai 30 maimakon 3. A yi masa adalci: matakinsa na uku, inda ake hawa dutsen da ruwa ke gangarowa, tsalle ne tsantsa, har in abokinka ya yi saurin hawa ya bar ka a ƙasan allo sai ka mutu. Amma mataki na biyu da na huɗu cikin sansani ake yinsu, kana kallon bayan sojan yana harbin bango, babu dakali ko ɗaya. Kuma ka tambayi duk wanda ya san Contra abin da ya fi so a cikinsa, zai ce maka bindigar nan mai harafin S da ke watsa harsashi kamar an watsa wa kaji tsaba. Babu mai cewa tsallen. Contra langa ne. A shirya masa tasa gasar ta mutum bibbiyu, za ta yi armashi, amma a wata rana dabam. Mega Man na 1987 ya fi shi kusa da gida, domin a can ramuka da tubalan da ke ɓacewa suna cin rai kamar yadda abokan gaba ke ci, kuma da za a matsa mini sai na shigar da mai bindiga ɗaya, shi zan shigar.

Subway Surfers ne ya fi wuyar kora, saboda yara suna ƙaunarsa, kuma shi ne wasan da ya fi shiga gidajen Damagaram ta wayar salula. Wasu kamfanoni biyu na ƙasar Denmak ne suka fitar da shi a 2012, shekara ɗaya bayan Temple Run. Ana tsalle a ciki, ana hawa saman jirgin ƙasa, kuma abin da ke kashe ka karo ne da shinge, ba harsashi ba. Sharaɗin farko kamar ya cika. Na biyun ne ya kayar da shi. Yaron da ke allo shi yake gudunsa, ba ka da ikon tsayar da shi, ba ka da ikon mayar da shi baya. Layi uku ne kawai, shafa ɗaya tana matsar da shi layi guda, tsallensa kuma galibi tsawonsa ɗaya ne. Abin da ake gwadawa saurin ido da yatsa ne, ba awon nisa ba. Kama da wane ba ta wane. Ga kuma matsalar gasa: wasan ba shi da ƙarshe, yaron da ya iya zai riƙe waya minti ashirin saura suna jira, sannan wanda ya daɗe yana tara allunan kariya da abubuwan ninka maki ya fi sabon shiga dama tun kafin a fara.

Geometry Dash na Robert Topala, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2013, shi ne ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Shi ma da kansa yake gudu. Amma matakansa a tsare suke, ba sa canzawa, suna da ƙarshe, kuma yawancin mutuwarka daga tashi da wuri ne ko makara. Yana nuna maka kashi nawa cikin ɗari ka kai, abin da ke sa hukunci ya yi sauƙi. Ni a ra'ayina ɗan ɗakin gidan ne, ba ɗan cikinsa ba. In ana son ɓangaren masu waya a gasar, shi ya fi Subway Surfers cancanta nesa ba kusa ba.

Akwai wasu biyu da nake matuƙar girmamawa amma ba zan ba ƙanena shawarar sa su ba. Prince of Persia na Jordan Mechner, 1989, wanda ya ɗauki hoton ƙanensa yana gudu da tsalle ya kwaikwayi motsin a zane, wasan tsalle ne na asali: kowane taku a ƙirge yake, kuma minti 60 kawai aka ba ka ka gama. Sai dai jikin yariman yana da nauyi irin na ɗan Adam, ba ya amsa yatsa nan take, kuma yaron da ya saba da waya zai ce manet ɗin ya lalace. Hollow Knight na 2017, aikin wani ƙaramin kamfani a Ostireliya, daga zuri'ar Metroid da Castlevania yake, wato waɗanda ake yawo a babbar taswira, a tarar da ƙofa a rufe, a je a samo wata baiwa a dawo a buɗe. Yana cin awoyi da dama, ana ajiye ci gaba ne a kan benci, kuma rabin wahalarsa faɗa ne da manyan dodanni. Wannan na mai na'ura a gida ne, ba na ɗakin da ake biya a yi zagaye ɗaya a tashi ba.

Biyun da suka rage su ne nake so ƙanena ya duba da kyau in na'urorinsa za su ɗauka. Rayman Legends na kamfanin Ubisoft na Faransa, 2013, yana nan a PlayStation 3 da 4. Mutum huɗu suna iya wasa a allo ɗaya, babu ƙirgen rai, kuma wanda ya mutu yana kumbura ya zama balan-balan ya yi ta shawagi har ɗan'uwansa ya taɓa shi ya dawo. Ga yara ƴan shekara bakwai da takwas ban san wanda ya fi shi ba, domin babu mai zama a gefe yana kuka. Yana da matakan da ake tsalle daidai da bugun kiɗa, har da wani ɗan wasan ƙwallo a ciki da zai jawo masoya Real da Barsa. Rauninsa a gasa shi ne haɗin kai yake koyarwa, fitar da gwani ɗaya a cikinsa sai an yi dabara.

Celeste na 2018 kuwa shi ne ƴar gala-gala tsantsa. Wata yarinya ce mai suna Madeline take hawa dutse, kuma abu uku kawai ta iya: tsalle, kama bango har ƙarfinta ya ƙare, da wani irin fizga a iska zuwa ɗaya daga fuskoki takwas. Ba ta da makami. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fita ba, to a Celeste an juya maganar: in ka faɗa, cikin ƙiftawar ido an mayar da kai farkon ɗakin da kake, ka sake gwadawa, wasan kuma yana ƙirga maka yawan mutuwarka ba tare da ya hukunta ka ba. Masu ƙirarsa sun ɓoye wasu rangwame da ke nuna sun san inda zafin yake, misali in ƙafarka ta bar bakin dakali da ɗan kaɗan kafin ka danna, har yanzu tsallen zai karɓu. Akwai kuma tsarin taimako da ke rage saurin wasan ga wanda ya gaza. Yana da agogo a cikinsa da za a iya kunnawa, saboda haka babin farko ya isa gasa ga ƴan shekara goma sha biyu zuwa sama. Ƙananan yara dai zai yi musu tsauri, kuma yana buƙatar na'ura irin su PlayStation 4 ko kwamfuta, da manet mai lafiya, domin wanda sandarsa ta saki zai riƙa fizgar da yarinyar inda ba a nufa ba.

Abin da na faɗa wa ƙanena da muka sake haɗuwa shi ne ya raba gasar gida biyu. Ƴan ƙasa da shekara goma sha biyu su yi Super Mario Bros., duniyar farko daga matakinta na ɗaya zuwa na huɗu, da rai 3, an hana hanyar saman rufi, wanda ya fi nisa ya ci, in an yi kunnen doki a duba agogo. Manya su yi babin farko na Celeste, a haɗa lokaci da yawan mutuwa. Rayman Legends a bar shi a kunne a talabijin ɗin gefe ga waɗanda aka fitar, don kada su watse. Ya amince da duka, sai dai ya ce shi Geometry Dash zai sa a ranar ƙarshe ko na yarda ko ban yarda ba, domin akwai yara mata a layinsu da iyayensu ba sa barinsu shiga ɗakin wasa, amma in a waya ne a ƙofar gida za su iya shiga gasar. Na ce masa ya sa, kuma ni zan kawo wayar da za a yi da ita.